Ranar da Na Dafa Tiyon Mota

Mijina ya rasu a tsakiyar damina, ya bar mini gida a Kafanchan da wata tsohuwar mota fara mai dogon baya. Gidan ba wanda ya yi magana a kansa, don kowa ya san tare muka ɗora shi, bulo bayan bulo. Motar ce ta zama abin magana.

Ta girmi autata, motar nan. Ƙofar bayanta sai an ɗaga ta kaɗan sannan ta rufu, kujerar direba kuma ta lotsa daidai jikin mai gidan, har sai na sa matashi nake hango gaba sosai. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon makarantar da nake koyar da girki da ɗinki, a lokacin da ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Shekarunsa na ƙarshe duk ni nake tuƙa shi, zuwa coci, zuwa asibiti, zuwa ƙauyensu kusa da Kagoma. Mutane suna yaba mini a lokacin, wai ga mace mai taimakon mijinta. Da kujerar gefena ta zama babu kowa, tuƙin nan ɗaya da aka yaba sai ya koma rashin kunya.

Wanda ya fara faɗa mini a fuska shi ne ƙanen mijina, wanda yarana suke kira Baba Ƙarami, ni ma haka nake kiransa. Manomi ne, dattijo ne a cocin ƙauye, kuma ba mugu ba ne. Shi ya yi ta kai da kawowa lokacin jana'iza har muryarsa ta dishe. Amma da aka gama zaman makoki, ya zauna a falona, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ce, "Matarmu, motan nan ya tsufa. Zai wahal da ke. Ki ba ni makulli, in sa shi haya a hanyan Kagoma, abin da ya shigo a taimaki yara."

Na ce, "Baba Ƙarami, yaran sun girma, kowa yana cin gumin kansa. Motar kuma ina amfani da ita."

Ya ce, "Za ki je ina da shi?"

Na ce, "Inda nake zuwa da."

Ya sha kunu, ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Bayan 'yan watanni motar ta fara wani sabon hali. In na tsaya a mahaɗar hanya sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga wani siririn sauti daga gaba kamar ana tsotsar rake. Na kai ta wurin makanikinmu, wanda garejinsa ke ƙarƙashin wani babban mangwaro kusa da layin dogo. Tun yana saurayi yake duba motar nan, yanzu har ya yi furfura a gemu. Ya buɗe gaba, ya kasa kunne, ya kai hannu ya ciro wani baƙin tiyo mai kaurin babban yatsa. Duk ya tsattsage kamar diddige a lokacin sanyi. Ya ce shi ne yake shan iska ta inda bai kamata ba.

Sai na ga ya shiga rumfarsa, ya yanko wani farin tiyo garau, irin wanda ake zuƙo fetur da shi daga jarka, ya cusa a wurin, ya ɗaure bakinsa da waya. Na ce, "Wannan ai ba irin wanda ka cire ba ne."

Ya yi dariya. "Mommy, tiyo duka tiyo ne. Ba ruwa a ciki, ba mai a ciki. Iska ne kawai yake wucewa."

Karkarwar ta daina, sautin ya ɗauke, na tafi gida ina jin daɗi. A lokacin ban san aikin tiyon ba. Daga baya na sani: inji yana zuƙar iska yayin da yake aiki, shi kuma tiyon nan yana kai wannan zuƙar zuwa wata baƙar tukunya da ke bayan birki. Zuƙar ce take taimaka wa ƙafa, shi ya sa mutum yake taka birki da sauƙi mota ta tsaya. In zuƙar ba ta isa tukunyar ba, ƙafarka kaɗai aka bari da nauyin mota duka.

A makon da ya biyo baya aka yi rasuwa a dangin wata 'yar zumuntar matan cocinmu, can wajen Gwantu. Aka ce ni zan ɗauki wasu. Shugabar zumuntarmu, wadda muke ce wa Mama, ta zauna a gaba, sauran suka cika baya, duk da zane iri ɗaya, ga kulolin abinci a ƙafafunsu. Rana ta yi zafi ranar, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Muna tafiya muna waƙa, ɗaya tana buga ƙaramar tukunyar kiɗa a cinyarta.

Mun yi nisa sosai, inji ya ɗau zafi, muka shiga wata doguwar gangara mai gada a ƙasanta. A gabanmu akwai babbar mota shaƙe da doya tana rarrafawa. Na taka birki, ya kama. Na sake takawa, ya kama amma da ɗan nauyi. Da na koma takawa sai na ji kamar dutse na taka. Bai motsa ba. Bayan motar doyar yana ta girma a idona, har ina iya karanta rubutun da ke jikinta.

Ban yi ihu ba, don ban sami lokaci ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na ja jikina sama, na ɗora nauyina duka a kan birkin. Ya ɗan ja, ba yadda ya kamata ba. Na mayar da giya ƙasa, inji ya yi wata irin ƙara, waƙa ta tsaya cak a baya. Mama ta fara kiran sunan Yesu, sauran suka ɗauka. Na sake rage giya, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan kamar yadda mai gidan ya taɓa nuna mini, na karkata zuwa gefen hanya inda ciyawa ta yi tsayi. Ciyawar da laka suka riƙe tayoyin. Muka tsaya a bakin wata gonar rogo, miyar kula ta zube a kan zanen wata.

Matan suka fito suna kuka suna addu'a. Ni kuwa na zagaya na buɗe gaban motar, don ina so in ga abin da ya so ya kashe mu. Ban san inji ba, sai dai na san abu ɗaya da aka taɓa a cikinsa kwanan nan, can na fara kai ido. Farin tiyon ya manne, ya zama falle ɗaya kamar hanjin kaza da aka matse aka wanke. Na taɓa shi, ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

Na ce, "Mama, zo ki gani."

Mama tana durƙushe a ciyawa. Ta ce, "Ba abin da zan gani, Malama. Ubangiji ya cece mu, shi ke nan."

Ba wadda ta zo ta duba. Muka zauna a inuwa har inji ya huce, da na sake leƙawa sai na tarar tiyon ya buɗe, ya koma zagayayye kamar bai taɓa yin komai ba. Na tayar da mota, birki ya yi laushi. Matan suka ƙi shiga, suka tsayar da motar haya. Ban ga laifinsu ba. Ni kaɗai na ƙarasa Gwantu da kulolin abincin, a hankali, ina tsayawa ina barin inji ya sha iska. Na yi gaisuwata, na dawo gida haka nan.

Kafin gari ya waye labari ya isa Kagoma. Da hantsi sai ga Baba Ƙarami a kan mashin, ko gaisuwa bai gama ba ya ce mu je wurin makaniki tare. Muka je. Na faɗi abin da na gani. Makanikin ya shiga motar, ya tayar, ya taka birki sau da yawa, ya zagaya gareji da ita ya dawo.

Ya ce, "Ga shi, birki lafiya lau. Tiyo kuma ga shi a buɗe."

Na ce, "Yanzu inji da sanyi. Da zafi yake mannewa. Da idona na gani."

Ya dubi Baba Ƙarami, ba ni ba, ya ɗan rage murya. "Ka san gangara yana son ƙafa mai ƙarfi. Mommy kuma shekaru sun fara. Wani lokaci tsoro ne kawai."

Baba Ƙarami ya girgiza kai. "Ka ji ko? Ta kusa kashe matan mutane." Sannan ya juyo gare ni ya ce ranar Lahadi bayan sujada za a zauna a gidana, da Fasto da babbar yayarsu, a gama maganar motar nan.

Na koyar da 'ya'yan mutane shekaru masu yawa, na haifi nawa na rena, na yi jinyar miji har na rufe masa ido. Yau ga ni a tsaye ƙarƙashin mangwaro, maza biyu suna magana a kaina kamar ba na wurin, suna cewa abin da idona ya gani bai faru ba. Na miƙa hannu na ɗauki filaya daga kan bencin makanikin, na kwance wayar da ya ɗaura, na zare tiyon, na naɗe shi na jefa a jakata.

Makanikin ya ce, "Mommy, in kin cire wannan ba ki da birki fa!"

Na ce, "Ashe ba iska kawai ba ce." Na kulle motar na bar ta a garejinsa, na sa makullin a jaka, na hau acaɓa.

Layin masu sayar da kayan mota na nufa. Na shiga wani shago da na ga tiyo iri-iri a rataye, na ce wa mai shagon ina son guntu-guntu daga kowane irin da zai iya shiga wurin wannan, na nuna masa nawa. Ya tambaye ni wace mota, na faɗa masa. Ya ce in turo makaniki mana, zai fi sauƙi. Na ce makanikin ne ya sa mini wannan. Ya yi murmushi ya ɗauko wuƙa.

Ya yanko mini baƙi na hannu, wanda aka ciro daga tsohon inji, ya ce wannan na asali ne, da shi motar ta zo daga waje. Ya yanko wani shuɗi mai sheƙi da santsi, ya ce sunansa silikon, samari masu son ado suna saye, wuta ma ba ta dame shi ba. Ya yanko wani baƙi sabo mara kauri. Daga ƙarshe, da na tambaya ko akwai saura, ya jawo wani daga ƙarƙashin kanta, baƙi mai kaurin bango, ya ce wannan ba a cika tambayarsa ba don ya fi sauran tsada. Na duba bakin inda ya yanka, sai na ga farin zare a saƙe a tsakiyar robar, zagaye da ita. Ni da na yi rayuwata ina koya wa 'yan mata sa shafi a cikin riga don kada ta saki, ba sai an yi mini bayani ba. Amma ban yarda da ido kaɗai ba, tunda idona ne aka ƙaryata.

Da na isa gida na ɗauko tsohuwar tukunyar da nake dafa wa kaji dusa, na cika ta da ruwa, na ɗora a murhun gawayi a tsakar gida. Da ya tafasa na zuba guntayen duka, har da farin da ya so ya kashe mu. Warin roba ya tashi. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga.

"Malama, me kike dafawa haka?"

Na ce, "Tiyo."

Ta tsaya tana kallona. Na san abin da za ta je ta faɗa, cewa mutuwar miji ta taɓa mini kai. Na ci gaba da juya tukunyata da muciya.

Na riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya da cokali mai yatsu. Kowanne sai in toshe baki ɗaya da babban yatsa, in naɗe ɗaya bakin da tsumma, in zuƙa da bakina iya ƙarfina. Farin, ko zuƙar kirki ban yi ba ya manne, daidai yadda na gan shi a bakin gonar rogo. Na zauna a kan kujera 'yar tsuguno ina kallonsa, sai na ji hawaye, ba na baƙin ciki ba. Ashe ban yi ƙarya ba, kuma ƙafata lafiyarta ƙalau.

Baƙin sabo mara kauri ya ɗan lotsa. Na hannun bai manne ba, amma da na lanƙwasa shi sai fatarsa ta buɗe da ƙananan tsaga ko'ina, ya bar mini baƙi a tafin hannu. Ya gama rayuwarsa a wata ƙasa kafin a kawo mana. Shuɗin ya ba ni mamaki, zafin bai canja shi ko kaɗan ba, sai dai bangonsa ba shi da ƙarfi, da yatsa biyu nake haɗe shi. Mai zaren kuwa na zuƙa har kunnuwana suka yi ƙara, bai san ina yi ba.

Ban tsaya nan ba, don na ga yadda cikin injin nan yake da maiƙo ta ko'ina. Na samo gwangwanayen madara, na zuba tsohon baƙin mai da ɗan fetur, na yanki ɗan kaɗan daga kowane guntu na jiƙa, na ajiye a bayan ɗakin kaji nesa da wuta. Ranar Asabar na duba. Shuɗin ya kumbura ya yi taushi kamar soso. Farin ya yi tauri ya koma ruwan ƙasa. Mai zaren na goge shi da tsumma, yana nan yadda na sa shi.

Ranar Lahadi suka zo. Fasto ya zauna a kujerar mai gidan, babbar yayar mijina, wadda muke kira Anti, ta zauna kusa da ƙofa da sandarta, Baba Ƙarami yana tsakiya. Aka yi addu'a. Kafin kowa ya buɗe baki na shiga kicin na fito da tire. Sun ɗauka abinci ne, har Fasto ya gyara zama. Na ajiye kwanon ruwan zafi yana tururi, da guntayen tiyo a ciki.

Na ce, "An ce ƙafata ce ba ta da ƙarfi. Fasto, don Allah ka taɓa wannan."

Ya tsamo farin, ya matsa, ya manne a hannunsa. Na ba shi mai zaren, ya matsa, ya sake matsawa da hannu biyu. Na yi musu bayani yadda zan yi wa 'yan aji, ban ɗaga murya ba. Fasto ya ce lalle akwai bambanci.

Baba Ƙarami ko kallon kwanon bai yi ba. Ya ce, "Ni ban zo kallon wasa ba. Ko birki ya kama ko bai kama ba, magana ɗaya ne. Gwauruwa tana yawo da mota gari-gari, yau Gwantu, gobe wani wuri. Mutane suna magana. Sunan gidanmu ne."

Na ce, "To, yanzu muka zo kan maganar. Da ka faɗi haka tun farko da ban ɓata gawayina ba."

Anti ta buga sandarta a ƙasa. "Ki yi magana da ladabi. Mijinki ne yanzu a al'ada, ko ba ya zama da ke. Mu da muka rasa namu mazan, wa ya gan mu a kan hanya? Mun zauna a gida."

Na ce, "Anti, kun zauna, Allah ya ba ku lada. Ni ba zan zauna ba. Lokacin da ɗan'uwanku ba ya gani, ni nake kai shi asibiti a Jos, da ruwa da rana, ba wanda ya ce sunan gida ya ɓaci. Hanyar ba ta canja ba, ni ma ban canja ba. Shi ne kawai ba ya nan."

Fasto ya yi gyaran murya, ya ce yana da shawara da za ta gyara kowa: motar ta zauna a hannuna, amma Baba Ƙarami ya samo mini direba daga ƙauye, makulli kuma ya zauna wurin direban. Na gode masa. Na ce ba na so.

"Malama, ki yi tunani," in ji shi. "Zaman lafiya ya fi mota."

Na ce, "Fasto, na yi tunanin. In na ba da makullin nan yau don an ce ƙafata ba ta da ƙarfi, gobe za a ce idona ba ya gani, jibi a ce kaina ba daidai ba, a zo a taya ni riƙe gidan. Wanda ya ga na yi laifi a kan hanya ya kai ni wurin hukuma su karɓe lasisina. In ba haka ba, makullin yana jakata."

Baba Ƙarami ya miƙe ya sa hularsa. Ya ce, "In wani abu ya faru, kada a kira ni."

Na ce, "Ba za a kira ka ba."

Ba wanda ya goyi bayana a ɗakin nan, ko mutum ɗaya. Abincin da na dafa musu, tuwon acca da miyar karkashi, Fasto kaɗai ya ci, shi ma don kunya. Da suka tafi na zauna ni kaɗai na cinye rabona har na ƙara.

Washegari na koma shagon na sa aka yanko mini mai zaren daidai tsawon da ake bukata, na sayi maɗauran ƙarfe masu noti na bakinsa biyu, na wuce gareji. Makanikin ya juya tiyon a hannunsa ya ce, "Ai na san wannan. Shi ne mai kyau. Mutane ne ba sa son saye." Ya kai hannu zai ɗauko waya, na miƙa masa maɗauran. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya karɓa. Na tsaya a kansa har ya gama, na sa ya kauce da tiyon daga jikin ƙarfen da ya fi zafi, na sa ya duba sauran ƙananan tiyoyin da ke zuƙar iska, muka canja waɗanda suka bushe. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin kwastoma mai fitina irina ba. Na ce ya saba, don ba inda zan je, shi zai ci gaba da duba motar, ni kuma zan ci gaba da tsayawa.

Daga nan ban tafi gida ba. Na hau hanya na yi ta tafiya har inji ya ɗau zafi sosai, na tsaya na buɗe gaba na duba. Tiyon yana nan zagayayye. Na juyo, duk gangarar da na samu sai in taka birki in saki, in taka in saki, ina jira ya yi tauri. Bai yi ba.

Matan zumunta sun daɗe ba su shiga motata ba. Lahadi da yawa na je coci ni kaɗai, ina wuce su a hanya suna tafe da ƙafa, in tsaya in ce su shigo, su ce a'a Malama, muna motsa jiki. Sai in ce to, in wuce. Ban roƙi kowa ba. Wata rana aka tashi sujada ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Mama ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, ta riƙe Littafi Mai Tsarki a ƙirji har ƙofar gidanta. Daga ita sauran suka biyo baya, kaɗan-kaɗan. Akwai wadda har yau ba ta shiga, kuma muna gaisawa lafiya.

Baba Ƙarami kuwa gaisuwa kawai ta rage tsakaninmu, ita ma a taƙaice. Tiyon ya ga damina da rani ya sake ganin wasu, duk wata nakan buɗe gaba in matsa shi in lanƙwasa, in duba ko ya fara tsagewa. Ranar da ya fara zan canja shi da irinsa, ba zan jira ba.

Bara aka sa bikin 'yar Baba Ƙarami ta fari. Matarsa ta zo Kafanchan sayayya, ta biyo ta gidana da rana, ta zauna tana ta zagaye-zagaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Motar da suka shirya ɗauka haya ta lalace, ga kayan abinci da lemo da kujeru da za a kai ƙauye. Ta ce mijinta bai san ta zo ba. Na ce ta daina ba ni haƙuri, yarinyar 'yata ce.

Na yi ta jigila ranar jajiberin biki, in kai in dawo, bayan motar har yana taɓa ƙasa a wurin ramuka. A zuwan ƙarshe na shiga da kek ɗin amarya a kujerar gaba, na ɗaure shi da bel, na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Na tarar da Baba Ƙarami a ƙofar gida yana nuna wa masu kafa rumfa inda za su sa ƙafafunta. Ya ga motar, ya ga kek ɗin, ya gan ni. Ya zo har wurin taga. Na sauke gilashi.

Ya ce, "Matarmu, ki matsa gaba kaɗan. Kin tare hanya."

Na duba. Hanya a buɗe take, ko tirela za ta wuce. Na kashe mota a inda take, na ja birkin hannu, na ce masa ya kira masu ƙarfi su zo su ɗauki kek, kuma su riƙe shi ta ƙasa.